Wainar ƙwai tare da yara: tambayoyi da amsoshi

Wainar ƙwai ba ta wuce minti uku a kan wuta. Duk wanda ya ɗora kasko kafin ya gama yanka albasa, to ya riga ya makara, domin ƙwai ba ya jiran kowa. Wannan ne ya sa ta dace da koya wa yara girki: yawancin aikin ana gama shi ne tun ba a kunna wuta ba, kuma wannan kason yaro zai iya riƙe shi tun yana ƙarami. Kason wuta kuwa na babba ne, har sai yaron ya kai.

Daga shekara nawa yaro zai iya sa hannu?

Tun yana shekara 2 zuwa 3 akwai abin da zai yi, amma nesa da murhu. Ya wanke tumatir a roba, ya miƙo cokali, ya tsinke ganyen alayyahu da hannu. Kada a ba shi ɗanyen ƙwai a wannan shekarun, domin hannunsa bai daɗe ba ya koma baki.

Ɗan shekara 4 zuwa 5 zai iya kaɗa ƙwai a kwano mai zurfi, ya barbaɗa gishirin da aka auna masa, ya zuba kayan haɗi. A nan ne kuma ake fara koya masa fasa ƙwai, babba na riƙe da hannunsa. Daga 6 zuwa 8 yana fasawa da kansa, yana goga karas, yana yanka abu mai laushi da wuƙar da ba ta da tsini. Zai iya tsayawa kusa da kasko ya ga yadda ƙwai yake sauya kama, har ya zuba ruwan ƙwan idan babba ya riƙe hannun kaskon. Daga 9 zuwa 12 yawancin yara za su iya soya wainar daga farko har ƙarshe, babba na tsaye a gefe, ba yana tsakar gida yana ba da umarni ba.

Shekaru dai awo ne kawai. Abin dubawa na gaskiya shi ne: idan aka ce masa "tsaya", yana tsayawa nan take? Yaron da bai kai nan ba, ko shekararsa 10, bai isa ya riƙe kasko mai zafi ba. Kuma maza da mata duka ake koya wa. Ɗa namiji zai je makarantar kwana, zai yi zaman kansa wata rana, yunwa kuma ba ta tambayar jinsi.

Me ake buƙata don wainar mutum ɗaya?

Ƙwai 2. Albasa yankakkiya ƙanana, babban cokali 1. Tumatir rabi, an cire 'ya'yan da ruwan cikinsa. Tattasai ja ko kore, babban cokali 1. Gishiri abin da yatsu biyu suka ɗauko. Man gyaɗa cokalin shayi 2 idan kaskon irin wanda ba ya kamu ne, ko babban cokali 1 idan na ƙarfe ne ko na sanholo.

Ka'idar da ta fi kowace muhimmanci a nan: kayan haɗi gaba ɗaya kada su wuce babban cokali 3 ga ƙwai 2. Yara suna son tara kaya, kowane abu a faranti sai sun zuba, kuma ƙwai biyu ba za su iya ɗaure kayan da suka fi ƙarfinsu ba. A auna musu tun farko a ƙananan kwanoni, abin da ke cikin kwanon shi ne rabon wainar.

Kasko mai faɗin santimita 20 shi ne daidai da ƙwai 2. Idan ya fi haka girma ƙwan zai baje ya yi siriri ya bushe kafin a ankara. Ƙwai 3 zuwa 4 suna son kasko mai santimita 24 zuwa 26. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5, wainar ƙwai ɗaya ta ishe shi idan da burodi ko doya a gefe.

Yaya ake yin ta, mataki bayan mataki?

A fara da wanke hannu da sabulu, kamar daƙiƙa 20, babba da yaro. A jera komai a tire: kwanon kaɗi, kofin fasa ƙwai, kayan haɗi, cokali mai yatsu, cokalin juyi mai faɗi, da farantin da za a juye wainar. Farantin nan shi ake yawan mantawa, sai waina ta nuna a shiga nemansa tana ƙonewa.

Yaro ya fasa ƙwan ɗaya bayan ɗaya a kofi, ya juye a kwano, ya sa gishiri, ya kaɗa da cokali mai yatsu ko maburgi na tsawon daƙiƙa 30 zuwa 40. Alamar ya kaɗu ita ce launi ya zama ɗaya, kuma idan aka ɗaga cokalin ƙwan ya zubo kamar ruwa, ba ya yin yauƙi. A sa shi ya ƙirga zuwa 40 da ƙarfi yana kaɗawa.

Sai babba ya ɗora kasko a matsakaiciyar wuta, ya zuba mai, ya ba shi kamar minti ɗaya. A jefa ƙwayar albasa guda: idan ta fara ƙara a hankali, mai ya yi. Idan ta yi shiru, da saura. Idan ta yi baƙi nan da nan ko man yana hayaƙi, a sauke kaskon ya huce. A soya albasa da tattasai minti 2, a ƙara tumatir minti 1, sannan a rage wuta a zuba ƙwan a kai.

A bar shi daƙiƙa 15 zuwa 20 har gefe ya fara kamawa. Sai a sa cokalin juyi a jawo gefen zuwa tsakiya, a karkata kaskon ɗanyen ƙwan ya gangara ya cike gurbin. A yi haka sau uku ko huɗu a zagaye. Idan sama ya daina gudana amma yana ɗan sheƙi, a rufe da murfi daƙiƙa 30 zuwa 45, tururi zai ƙarasa saman. A buɗe, a ninke ta biyu, a kashe wuta, a zame ta cikin faranti. A jira minti 2 kafin yaro ya kai baki, domin tumatir yana riƙe zafi fiye da ƙwan.

Mai shayi yana zuba komai ɗanye a cikin ƙwan ya soya. Me ya sa ku kuka ce a fara soya albasa?

Hanyar mai shayi tana aiki ne saboda yana zuba mai da yawa, wutarsa tana da ƙarfi, hannunsa kuma ya saba juyi. A gida da yara muna son akasin haka: mai kaɗan don kada ya fantsama, wuta kaɗan don a samu lokacin nuna wa yaro abin da ke faruwa. A irin wannan wutar ɗanyar albasa ba za ta nuna ba kafin ƙwan ya gama, sai ta fito da garas-garas da kaifin da yara da yawa ba sa so. Wanda ya fi son hanyar mai shayi, ya yanka kayan ƙanana ƙwarai, ko ya goga albasar ya matse ruwanta.

Ta yaya ake koya wa yaro fasa ƙwai ba tare da ɓawo ya faɗa ciki ba?

A buga ƙwan a kan abu mai shimfiɗa, kamar saman tebur ko bayan faranti, ba a bakin kwano ba. Bakin kwano yana tura ɓawon ciki ya farfasa shi ƙanana. Bugu ɗaya mai ɗan ƙarfi a tsakiyar ƙwan ya isa. Sai yaro ya sa manyan yatsunsa biyu a tsagar ya buɗe, kusa da kofin, ba daga sama ba. Kuskuren yara shi ne matsewa maimakon buɗewa, don haka a nuna musu da hannu sau ɗaya ko biyu kafin a sakar musu.

Idan ɓawo ya faɗa, a ɗauko shi da cokali mai tsabta ko a jiƙa yatsa da ruwa a lallaɓo shi ta gefen kofin. A tanadi ƙwai ɗaya na rara a ranar koyo, saboda ɗaya zai ƙare a ƙasa, kuma wannan ba abin faɗa ba ne. Wanda ya zube a ƙasa, a barbaɗa masa gishiri a bar shi 'yan mintuna, zai yi kauri ya kwasu da takarda, sannan a goge wurin da ruwan sabulu kafin wani ya taka ya zame. Bayan fasa ƙwai a sake wanke hannu.

Me ya sa sai an fasa a kofi tukuna?

Saboda bara-gurbi. Ƙwai ɗaya da ya lalace, idan aka fasa shi kai tsaye a kan sauran, an yi asarar duka.

Yaya ake gane ƙwai mai kyau, kuma a wanke shi ko a bari?

A cika roba da ruwa a saka ƙwan. Wanda ya nutse ya kwanta sabo ne. Wanda ya nutse amma ya miƙe tsaye ya kwana biyu, a yi amfani da shi da wuri. Wanda ya taso sama a jefar. Dalili shi ne akwai 'yar jakar iska a ɓangaren ƙwan mai faɗi, kuma tana girma yayin da ruwan cikinsa yake fita ta ƙananan ƙofofin ɓawo. Yara suna jin daɗin wannan gwajin, a bar musu shi. Sai dai gwajin shekarun ƙwai kawai yake nunawa, ba ya nuna ƙwayar cuta. Bayan an fasa a duba: wari, ko launin kore ko ruwan hoda a farin ƙwan, alamar lalacewa ce. Ɗan ɗigon jini a jikin gwaiduwa ba lalacewa ba ne, ana iya cire shi da bakin cokali a ci gaba.

Batun wanki kuwa, ɓawon ƙwai yana da wani siririn rufi da yake toshe ƙofofinsa, kuma ruwa yana cire shi. Saboda haka ba a wanke kiret guda a ajiye. Wanda yake da kashin kaji a goge shi da busasshen tsumma, a wanke shi dab da fasawa. Ƙwan da aka saya a fashe, kada a ba yara. A ajiye ƙwai a wuri mai sanyi, tsininsa na kallon ƙasa, kuma a lokacin bazara gara a sayi na mako guda kawai.

Me ya sa wainar take kama kasko?

Dalilai uku ne suka fi yawa. Ko an zuba ƙwan kasko bai yi zafi ba, ko man bai rufe ƙasan duka ba, ko kuma kaskon yana da ragowar ƙanzon wani abinci. Albasar da aka soya ma takan shanye man, don haka kafin a zuba ƙwai a duba, idan ƙasan ya bushe a ƙara rabin cokalin shayi. Kaskon da ba ya kamu yana mutuwa ne idan ana kankare shi da cokalin ƙarfe ko soson ƙarfe, ko ana barinsa a wuta babu komai a ciki. A yi masa amfani da cokalin katako ko na roba mai jure zafi. Idan baƙin rufinsa ya fara ɓarewa, lokacin canza shi ya yi.

Tana farfashewa wurin juyawa, wani lokaci kuma tana tsatsafar da ruwa a faranti. Mene ne matsalar?

Tumatir ne babban mai laifi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, kuma zafi da gishiri suna fito da shi a daidai lokacin da ƙwan yake ƙoƙarin haɗe jikinsa. Haka alayyahu da kabeji. Maganin shi ne a cire cikin tumatir, a soya kayan har ruwansu ya ƙone, ganye kuma a turara shi a matse. Dalili na biyu yawan kayan haɗi, wanda muka ambata. Na uku gaggawa: an ɗaga ta ƙasan bai kama ba.

Akwai kuma ruwan da yake fitowa daga ƙwan kansa idan ya wuce nuna. Sinadarin gina jiki da ke cikin ƙwai yana haɗuwa ya riƙe ruwa idan ya ji zafi daidai, amma idan zafin ya yi yawa sai ya takure ya matse ruwan waje, kamar soson da aka damƙe. Shi ya sa wainar da ta daɗe a wuta take yin tauri kuma ga ruwa a ƙarƙashinta.

Ga yara, ninkewa ta fi juyawa sauƙi, kuma da murfi ba a ma buƙatar juyin. Wanda yake son ɓangarorin biyu su yi ja, ya zame wainar cikin faranti, ya kifa kaskon a kanta, ya birkice su tare. Wannan aikin babba ne, da tsumma a hannu, kuma sai an tsiyaye man da ya rage. Idan ta riga ta farfashe, a gaurayata kawai a ci da burodi, ɗanɗanon bai tafi ko'ina ba, kuma yana da kyau yaro ya ga cewa ba a zubar da abinci don bai fito da kyan gani ba.

Ƙasa ya ƙone, sama ɗanye. Me ya faru?

Wuta ta yi yawa. Farin ƙwai yana fara daskarewa a wajen digiri 62 zuwa 65 a ma'aunin Salsiyos, gwaiduwa a wajen 65 zuwa 70, ke nan ƙwai yana nuna tun ruwa bai kai ga tafasa ba. Kaskon da mai yake hayaƙi a cikinsa ya ninka wannan zafin fiye da sau biyu. A rage wuta, a jawo gefe zuwa tsakiya kamar yadda aka bayyana, a rufe. Idan kuma wainar ta yi wani launin toka-toka ko kore-kore, sinadarin ƙarfe na gwaiduwa ne ya haɗu da farar wuta ta farin ƙwan saboda daɗewa a zafi. Ba ta cutarwa, amma alama ce ta a rage lokaci.

A sa madara ko ruwa a ƙwan?

Ba dole ba ne. Babban cokali 1 na ruwa ko madara ga ƙwai 2 yana sa ta yi laushi, fiye da haka kuma yana hana ta haɗuwa.

Da risho ko gawayi muke girki. Za a iya yi da yara?

Za a iya, amma a san cewa haɗarin ya bambanta. Risho da kurfoti a ƙasa suke zama, daidai tsawon mai rarrafe da ɗan tatata, don haka sai an fitar da ƙananan daga wurin gaba ɗaya, ko wani ya riƙe su. Mai koyon ya zauna a kujera 'yar tsuguno a gefe, ba ya durƙusa a kan wutar ba. Gawayi ba shi da makunnin ragewa, saboda haka a jira harshen wutar ya mutu garwashi ya yi farin toka, a baje shi, kuma idan zafi ya yi yawa a ɗage kaskon gefe ya ƙarasa da zafin jikinsa. Ba a ƙara kananzir a risho yana ci ko yana da zafi, kuma ba a ajiye kananzir a robar lemo inda yaro zai ɗauka abin sha ne. Gawayi kuma ba a hura shi a rufaffen ɗaki, ko da hunturu, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Ƙaramar tukunyar gas mai murhu a kanta tana da nata aibin: kasko mai dogon hannu yana iya rinjaya ya kife. A ajiye ta a ƙasa mai daidai, babba ya riƙe hannun kaskon muddin yana kan wuta. A murhun tebur kuwa, hannun kasko ya kalli ciki ko gefe, kada ya leƙo waje inda za a bangaje shi. Yaron da tsawonsa bai kai ba, a ba shi matakala mai faɗin ƙafa, ba bokitin da aka kifa ba.

Wane irin kaya ya kamata yaro ya sa?

Wannan tambayar ta fi yadda ake ɗaukarta nauyi. Hijabi mai tsawo, gyale, da riga mai faɗin hannu suna lilo a kan wuta ba tare da mai su ya sani ba, kuma yawancin yadin hijabi na roba ne, idan ya kama yana narkewa ya manne a fata. Yarinya ta ɗaura ɗankwali ta cusa bakinsa, ko ta sa hula, ta ajiye hijabin har a gama. Yaro ya naɗe hannun rigarsa. A sa takalmi, kuma hannu ya zama a bushe kafin a kusanci mai, domin ɗigon ruwa a mai zafi shi ke sa ya fantsama.

Idan mai ya kama da wuta, ko yaro ya ƙone, me za a yi?

Mai idan ya kama, ba a zuba masa ruwa ko kaɗan, ruwa yana sa wutar ta tashi ta watsu. A kashe murhun, a rufe kaskon da murfin ƙarfe, a bar shi a rufe har ya huce, kada a ɗauke shi a fita da shi. A gaya wa yara wannan tun kafin a fara, su kuma aikinsu idan haka ta faru shi ne su ja da baya su kira babba.

Ƙuna kuwa, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ko na famfo ko a riƙa kwarara na buta ko na randa. A cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, amma kayan da ya manne a fata a bar shi. Kada a sa ƙanƙara. Kada a shafa makilin, ko man shanu, ko manja, ko gishiri, ko ɗanyen ƙwai: wasu suna riƙe zafin a cikin fata, wasu suna kai ƙwayar cuta cikin raunin. Idan ya yi bororo kada a fasa. A rufe da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. A kai asibiti idan ƙunar ta fi tafin hannun yaron girma, ko tana fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko ta yi fari ko baƙi, ko kuma yaron ɗan ƙarami ne.

Attaruhu da magi fa?

Tattasai yana ba da launi da ƙamshi ba tare da yaji ba, shi ya fi dacewa da ƙananan yara. Gidan da yara suka saba da yaji, a sa ɗan kaɗan, amma babba ne zai yanka attaruhu, domin yaro zai murza ido da hannun.

Dunƙulen magi abin da ya fi yawa a cikinsa gishiri ne. Ga ƙwai 2, kwatan dunƙule ya isa, kuma idan an sa shi ba a ƙara gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a rana, abin da bai cika cokalin shayi ɗaya ba, yara kuma ƙasa da haka. Jaririn da bai cika shekara ba ba a sa masa gishiri ko magi. A murƙushe dunƙulen ya zama gari kafin a zuba, in ba haka ba zai taru wuri ɗaya. Idan wainar za ta hau kan Indomie, kayan ɗanɗanon taliyar sun wadatar, a bar ƙwan haka nan.

Yaushe jariri zai fara cin wainar ƙwai, kuma yaya ake gane ba ta karɓe shi ba?

Daga wata 6, lokacin da ake fara haɗa masa abinci da nono. A ba shi fari da gwaiduwa tare, a nuna sosai, a yanka dogaye yadda zai riƙe ko a murƙushe. Ranar farko a ba shi kaɗan, kamar cokalin shayi guda, da safe, kuma kada a haɗa da wani sabon abinci, don a gane musabbabi idan wani abu ya biyo baya.

Ƙwai yana cikin abincin da jikin wasu yara yake ƙi. Alamun sukan bayyana cikin mintuna zuwa awa 2: borin jini, ja a kewayen baki, kumburin leɓe ko ido, amai. Idan aka ga haka a dakatar a ga likita. Idan numfashi ya yi wuya, ko murya ta shaƙe, ko harshe ya kumbura, ko jiki ya saki, a garzaya asibiti nan take. Yara da yawa suna rabuwa da wannan matsalar idan sun girma, amma likita ne zai faɗi lokacin sake gwadawa.

Wasu suna son waina mai ɗan ruwa-ruwa a ciki. Yara za su iya ci?

Irin ta Faransa ke nan, wadda ake naɗewa cikinta bai gama daskarewa ba. Ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mai juna biyu, da tsofaffi, da marar lafiya, a nuna ta har ciki, saboda ƙwayar salmonela da ke haddasa gudawa da amai da zazzaɓi. A tsaga tsakiya da cokali, idan babu abin da ya gudano ta yi. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a barin yaro ya lashi cokalin kaɗi.

Gaskiya ne yaron da ake ba ƙwai yana tashi da sata?

Ba gaskiya ba ne. Magana ce da aka gada a wurare da dama, tun lokacin da ƙwai abin sayarwa ne ko abin ƙyanƙyasa, ana tsoron yaro ya ɗanɗana ya riƙa bin akurki. Abin takaicin shi ne ta hana ƙwai ga waɗanda suka fi kowa buƙatarsa. Ƙwan kaza babba ɗaya yana da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki, ga bitamin A da D da B12, duk a cikin abin da ƙaramin ciki zai iya ɗauka. Yaro mai lafiya zai iya cin ƙwai ɗaya kullum.

Ƙwan zabo yana yi?

Yana yi ƙwarai, kuma da damina ya fi samuwa. Ya fi na kazar gidan gona ƙanƙanta, don haka 3 suna tsaya wa 2. Ɓawonsa yana da tauri sosai, ƙaramin yaro zai sha wuyar fasa shi, sai babba ya fara tsaga masa. Tun da sau da yawa a daji ake tsinto shi ba a san kwanansa ba, gwajin ruwa da fasawa a kofi sun zama wajibi a nan.

Yarona yana tsince albasa da duk wani ganye. Ya za a yi?

A goga albasar a soya ta har ta yi laushi, za ta ɓace a cikin ƙwan. A fara da abu ɗaya mai ɗan zaƙi, kamar gogaggen karas ko jan tattasai, sannan a riƙa ƙarawa. Abin da ya fi tasiri shi ne a jera masa abu uku a ce ya zaɓi biyu. Yaro ya fi cin abin da ya zaɓa ya zuba da hannunsa. Lawashi, dafaffen zogale da aka matse, da kifin gwangwani da aka tsiyaye mansa duk suna shiga waina lafiya. Kada a ɓoye masa abu a yi masa musu, ranar da ya gano zai daina yarda da wainar gaba ɗaya.

Yara biyar ne, ƙwai huɗu. Akwai dabara?

A ƙara mata jiki da dankali, irin yadda mutanen Sifaniya suke yin tasu. A dafa dankalin Turawa matsakaita 3, ko dankalin Hausa, ko ragowar dafaffiyar doya, a yanka siri-siri. A soya albasa guda, a haɗa da dankalin, a juye su cikin kaɗaɗɗen ƙwai 4, a bar su minti 5 su jiƙa. A zuba a kasko mai santimita 24 da mai babban cokali 1, a rufe, wuta ƙasa-ƙasa, minti 6 zuwa 8. A birkice da faranti a ba ɗaya ɓangaren minti 3. Za ta yanku gida shida. A nan ka'idar cokali uku ba ta aiki, saboda dafaffen dankali ba ya fitar da ruwa, shan ƙwan yake yi.

Aikin ma a raba shi: ɗaya ya ɓare dankalin bayan ya huce, ɗaya ya fasa, ɗaya ya kaɗa, ɗaya ya jera faranti. A bakin murhu kuwa yaro ɗaya tak ake bari a lokaci guda.

Za a iya sa ta a kwanon makaranta, ko a ajiye ragowar?

Dafaffen ƙwai bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, kuma idan zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ne. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce 40, ke nan wainar da aka soya ƙarfe bakwai aka sa a robar abinci ta wuce ƙa'ida kafin a fito tara. Ko dai yaro ya ci ta a gida da safe a sa masa wani abu a jaka, ko a yi amfani da kula mai riƙe zafi: a cika ta da tafasasshen ruwa minti 5, a zubar, a goge, a sa wainar tana fitowa daga kasko a rufe. Kada a cusa ta da zafi cikin burodi a ɗaure a leda, gumi zai jiƙa burodin ya kuma gaggauta lalacewa.

Ragowa tana iya kwana 2 zuwa 3 a firij a rufaffen kwano, idan firijin yana samun wuta ba yankewa. Inda wuta take zuwa tana tafiya, a cinye ta a zama ɗaya. Wurin ɗumamawa a sa ta a kasko da ɗigon ruwa, a rufe, wuta kaɗan, har ta yi zafi ciki da waje, kuma sau ɗaya kawai ake ɗumama ta.